Lissafin karɓa-karɓar sojan ruwa tsakanin teku da tudu, da abin da ya shafe mu a Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani batu da mai karatu zai iya ganin ya yi nisa da mu, wato yadda rundunonin sojan ruwa na manyan ƙasashe suke lissafa tsawon lokacin da kowane soja zai yi yana aiki cikin jirgi a teku, da tsawon wanda zai yi a tudu kafin a sake mayar da shi ruwa. Na san Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma wanda ya tashi daga Damagaram sai ya ci fiye da kilomita 1,000 kafin ya ga tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Amma matsalar da waɗannan mutane suka shafe shekaru suna warwarewa da alƙalami da kwamfuta ita ce dai muke fama da ita a kan askarawanmu na Madama da Dirku da Ngigmi, da malaman makarantunmu na Taskar, da ungozomomin da ake turawa ƙauyukan arewacin Tanut. Akwai wurin aiki mai wuya wanda dole ne wani ya zauna a cikinsa, akwai wuri mai sauƙi wanda kowa ke so, kuma mutanen da za a raba tsakanin wuraren biyu ƙidayayyu ne.

Abin da nake so in tabbatar shi ne, tsawon zaman mutum a wuri mai wuya ya fi ƙarfin sa hannun minista ko na babban hafsa, domin yawan guraben aiki ne yake yanke shi tun kafin a ɗauki alƙalami. Bari in nuna da misali, kuma alƙaluman nawa ne na ƙirƙira don sauƙin fahimta. Mu ɗauka wata runduna tana da gurabe 600 na masu gyaran injin a cikin jiragenta, tana kuma da gurabe 300 na masu wannan sana'a a tudu, a ma'aikatun gyara da makarantun horo da ofisoshi. Tunda guraben teku sun ninka na tudu, to a kowane lokaci mutum biyu ne ke ruwa a madadin kowane mutum ɗaya da ke tudu, kuma idan kowa zai bi layi ɗaya, dole kowa ya yi kashi biyu cikin uku na shekarun aikinsa a ruwa. Idan aka ce zaman tudu wata 36 ne, to zaman teku ya zama wata 72, ko an so ko ba a so ba. Idan kuwa hukuma ta yi alkawarin cewa ba wanda zai wuce wata 60 a teku, to tana da hanyoyi ƙalilan: ta ƙara guraben tudu su kai 360, wanda ke nufin ƙarin albashin mutum 60, ko ta rage zaman tudu zuwa wata 30, ko kuma ta cika alkawarin da mutum 900 ɗin da take da su, ta bar kusan gurabe 38 a cikin jirage babu kowa. Duk sanarwar da ba ta faɗi wace hanya aka zaɓa ba, to an zaɓi ta ukun ne a ɓoye, ko kuma an shirya saɓa alkawarin.

Wannan lissafi yana da wani gefe da ya fi amfani ga mai tsara aiki. Wani masanin lissafi Ba'amurke, John Little, ya tabbatar a 1961 cewa a duk tsarin da abubuwa ke shiga suna fita cikin daidaito, yawan abin da ke ciki daidai yake da yawan abin da ke shiga a kowane lokaci idan aka ninka shi da tsawon zaman da kowane ɗaya ke yi. A misalinmu, gurabe 600 da zaman wata 60 na nufin kowane wata sai mutum 10 sun sauka daga jirage, wasu 10 kuma sun hau. Ke nan tambayar da ta kamata a yi wa duk wanda ya yi alkawarin canji ita ce, ina mutum 10 na wannan wata za su fito? Idan 8 kawai aka samu, ba wata dabara da za ta hana zaman na cikin jirgi ya tsawaita, ko kuma jirgi ya fita da ƙarancin mutane. Kuma adadin 960, wato 600 na teku da 360 na tudu da muka samu a sama, bai ma isa ba, domin kullum akwai waɗanda ke makarantar horo, da marasa lafiya, da waɗanda ke kan hanya tsakanin tsohon wurin aiki da sabo, kuma duk waɗannan suna cikin rajistar albashi alhali ba sa cike gurbin kowa. Wannan rukuni na uku, bayan na teku da na tudu, shi ne aka fi mantawa da shi, kuma mantuwar ce ke sa takarda ta nuna an cika, fili kuma ya nuna akwai giɓi.

Rundunar sojan ruwan Amurka ita ce ta fi kowa bayyana tsarinta a fili, don haka daga gare ta zan ɗauki yawancin misalai. Ofishin da ke raba wa sojojinta wuraren aiki yana garin Millington a jihar Tenesi, nesa da teku kamar yadda muke nesa da shi, kuma akwai cibiyoyin bincike da ke taya shi lissafi, ciki har da babbar makarantar hafsoshin ruwa da ke Monterey a Kalifoniya. A 2008 rundunar ta sauya tsarinta, ta daina ɗaura tsawon zaman teku a kan muƙamin soja, ta koma ɗaura shi a kan sana'arsa da kuma zagaye na nawa yake yi, na farko ne ko na biyu ko na uku. A wannan tsari iyakar zaman teku wata 60 ne, zaman tudu kuma ga yawancin sana'o'i wata 36 ne. Dalilin rarraba sana'o'in a bayyane yake, domin masu kula da injin jirgi da masu aiki a filin saukar jiragen sama na kan jirgin ruwan da ke dakonsu kusan duk aikinsu a ruwa yake, alhali ma'aikatan asibiti da na ofis suna da gurabe masu yawa a tudu. Doka ɗaya ga kowa tana da daɗin ji a kunne, amma ba ta zaunuwa a kan alƙaluma, kuma da aka gane haka sai aka yi wa kowace sana'a nata lissafin.

Akwai wani abu a tsarin nasu da nake so hukumominmu su duba da kyau. Ba su raba wuraren aiki gida biyu kawai ba, sun yi musu aji aji, kuma a cikin azuzuwan akwai wurin aiki na tudu a ƙasar waje mai nisa da wahalar zama, wanda ake lissafa wa soja shi tamkar a teku ya yi. Wato abin da ake aunawa shi ne wahala da rabuwa da iyali, ko ƙafar mutum ta taɓa ruwa ko ba ta taɓa ba. Da wannan ma'auni, sansanin Madama da ke kusa da iyakar Libiya teku ne, haka nan makarantar rugar makiyaya da ke can cikin gundumar Taskar.

Inda lissafin ke ƙara wuya shi ne wajen muƙamai. Guraben teku yawancinsu na ƙananan sojoji ne, guraben tudu kuwa, irin su koyarwa da ɗaukar sababbin kurata da kula da ma'aikatun gyara, suna buƙatar wanda ya goge. Kuma runduna ba kamar kamfani take ba, ba ta iya zuwa kasuwa ta ɗauko wanda ya shekara goma yana gyaran injin jirgin yaƙi, sai dai ta raine shi da kanta tun daga ranar da aka yi masa askin farko. Saboda haka idan a wata shekara aka gaza ɗaukar isassun kurata, giɓin ba ya tsayawa a wannan shekarar, tafiya yake yi cikin rundunar sannu a hankali, ya bayyana bayan shekara biyar ko shida a matsayin ƙarancin masu igiya biyu, ya sake bayyana bayan shekara goma sha a matsayin ƙarancin manyan saje, lokacin da wanda ya yanke shawarar rage ɗaukan ya daɗe da barin kujerar. Wannan jinkiri tsakanin shawara da sakamakonta shi ne babban dalilin da ya sa ake gina samfurin lissafi, domin ƙwaƙwalwar mutum, komai kaifinta, ba ta iya bin dubban mutane cikin muƙamai tara da sana'o'i da dama har tsawon shekara ashirin.

Hanyar da aka fi bi ta samo asali ne daga aikin masanin lissafi ɗan Rasha, Andrey Markov, wanda ya fara wallafa shi a 1906. Ana raba rayuwar aikin soja zuwa matakai, kamar horo, zaman teku na farko, zaman tudu na farko, zaman teku na biyu, har zuwa barin aiki, sa'an nan a duba bayanan shekarun baya a ga cikin kowane mutum 100 da ke wani mataki nawa ne suka wuce na gaba, nawa aka ƙara wa girma, nawa suka ajiye kaki. Da waɗannan kaso kaso ake tura rundunar gaba a cikin kwamfuta, wata bayan wata, a ga inda za ta cika ta batse da inda za ta rame. Sai a canza abu ɗaya, a ce a rage zaman teku na farko da wata shida, a sake turawa, a ga abin da zai faru da jirage bayan shekara uku da bayan shekara takwas. Amfanin wannan shi ne kuskuren da za a yi a kan mutane sai a yi shi a cikin na'ura, inda ba ya raba kowa da iyalinsa.

Sai dai samfurin yana da rauni da duk mai amfani da shi ya kamata ya sani, kuma a nan ne nake ganin batun ya fi zurfi. Yana ɗauka cewa kason masu barin aiki zai zauna yadda yake a baya, alhali shi kansa tsawon zaman teku yana cikin abubuwan da ke sa soja ya yanke shawarar tafiya. Idan aka tsawaita zaman domin a toshe giɓin bana, wasu daga cikin waɗanda kwangilarsu ke ƙarewa za su ƙi sabuntawa, kuma sau da yawa gwanayen ne ke fara tafiya domin su ne ke da inda za su. Tafiyarsu ta buɗe sabon giɓi, sabon giɓin ya tilasta a ƙara tsawaita zaman waɗanda suka rage, su ma su fara neman ƙofa. Maganin da aka sha yau shi ne ke ƙara ciwon gobe. Samfurin da bai saka wannan kewayen a cikinsa ba kullum zai ba da shawarar a tsawaita, domin a takarda tsawaitawa ba ta cin ko dala. Wannan ne ya sa masu binciken suke haɗa lissafin da tambayar sojoji kai tsaye, da kuma duba yadda aka yi a lokutan baya da aka ƙara ko aka rage kuɗin zaman teku.

Abin da ƙarancin mutane ke jawowa a cikin jirgi ba a takarda yake tsayawa ba. Ranar 17 ga Yuni 2017 jirgin yaƙin Amurka USS Fitzgerald ya yi karo da wani jirgin dakon kaya kusa da gaɓar Jafan, sojoji 7 suka mutu, kuma ranar 21 ga Agusta na wannan shekarar USS John S. McCain ya yi karo da jirgin dakon mai kusa da Singafo, sojoji 10 suka mutu. Binciken da aka yi ya ambaci gajiya da ƙarancin horo cikin dalilan, kuma a hatsari na biyun an gano cewa wasu daga cikin waɗanda ke bakin aiki a ɗakin tuƙi aro su aka yi daga wani jirgin, wanda na'urar tuƙinsa ta bambanta da ta wannan. Aron mutane daga jirgi zuwa jirgi shi ne abin da ake yi idan layin canji ya gaza kawo mutum 10 ɗin nan na wata. Akwai kuma tsarin gadi da ya daɗe a jiragensu, na awa 5 a bakin aiki da awa 10 na hutu, wanda da jin sa kamar akwai sauƙi, amma tunda jimlarsa awa 15 ce ba ta daidaita da awa 24 na yini, sai lokacin barcin soja ya riƙa sauyawa kowace rana, yau ya kwanta da hantsi, gobe da tsakar dare, a kan gado mai hawa uku wanda ba ya iya zama a miƙe a cikinsa. Bayan hatsarin biyu rundunar ta umarci jiragenta su koma tsarin da ke barin mutum ya kwanta a lokaci ɗaya kullum, irin awa 3 na gadi da awa 9 tsakani, amma wannan tsari yana buƙatar rukuni huɗu na masu gadi a maimakon uku, wato ya sake komawa kan yawan mutane. Kuma matsalar ba ta ƙare ba, domin ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka ya bayyana a rahotonsa na 2024 cewa a watan Nuwamba 2023 jiragen rundunar suna da giɓin ƙananan sojoji kusan 14,000.

Wani darasin shi ne bambanci tsakanin ƙidaya kwanakin jirgi da ƙidaya kwanakin mutum. Soja yana iya zama a gurbin teku alhali jirginsa na tashar gyara yana kwana gida kullum, wani kuma yana iya sauka daga jirgin da ya dawo a tura shi wanda ke shirin fita, ya yi tafiya biyu a jere ba tare da wani jirgi ya karya doka ba. Rundunar ruwan Birtaniya ta ɗaura ma'auninta a kan mutum, ta ce kada kwanakin da soja zai yi nesa da gida su wuce 660 a cikin shekara uku. Ko da irin wannan iyaka, larura takan rushe ta. A lokacin annobar korona ma'aikatan jirgin dakon jiragen sama na Amurka USS Nimitz sun shiga jirgi a Afrilu 2020 ba su dawo gida ba sai Maris 2021, kuma USS Dwight D. Eisenhower ya yi kwana 206 a teku a 2020 bai tsaya a wata tasha ba. Amfanin iyakar, ko an ƙetare ta, shi ne tana sa a san an ƙetare, a san wa aka ƙetare wa, kuma a san bashin hutun da ake bin hukuma. Inda babu iyaka a rubuce, babu ma wanda zai ce an zalunce shi.

Hanyoyin da aka gwada don rage nauyin duk suna da tsada. Tun 1960 jiragen ƙarƙashin teku na Amurka masu ɗauke da makaman nukiliya suke da rukunin ma'aikata biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na hutu da horo, haka ma na Faransa, wadda daga 2019 ta fara yin hakan a wasu jiragen yaƙinta na saman ruwa. Jirgi yana samun ƙarin kwanaki a teku, soja yana sanin ranar fitarsa da ta dawowarsa, amma albashi ya kusan ninkuwa. Ɗaya hanyar ita ce kuɗi da ƙarin girma. A 2022 rundunar Amurka ta fara gwada wani tsari a sana'o'i huɗu masu yawan zaman teku, ciki har da masu dafa abinci da masu gyaran injin, inda wanda ya yarda ya ƙara zama a ruwa bayan zagayensa na farko yake samun ƙarin kuɗi a wata da saurin hawa muƙami da fifiko wajen zaɓar wurin aiki na gaba. A ganina hikimar da ke ciki ita ce an yarda mutane ba ɗaya suke ba, saurayin da bai yi aure ba yana iya son kuɗin, mai ƴaƴa huɗu a makaranta yana iya son tudun, kuma barin su su zaɓa ya fi araha a kan tilasta wa kowa abu guda.

Yanzu bari in dawo gida. A shekarun da na yi ina koyarwa na taɓa zama cikin wani kwamitin raba wuraren aiki, a wani ofishi da ba sai na ambata ba, gab da komawa makaranta a watan Oktoba. Abin da ke gabanmu shi ne babban littafin rajista, da fensir da abin gogewa, da tarin takardun neman canji waɗanda wasunsu sun yi ja don daɗewa, da kuma wasu ƴan guntayen takardu da ake shigo da su daga waje a ninke, kowace da sunan mutum ɗaya da gaisuwar wani babba. Ba wanda ya san, a cikinmu duka, malamai nawa ne suka wuce shekara biyar a ƙauyen da ba rijiya kusa, domin littafin yana nuna inda mutum yake ne kawai, ba ya nuna tun yaushe yake can. Wanda ya iya zuwa gari ya yi ta zarya a bakin ofis shi ake tunawa da shi, wanda kuwa kuɗin mota ya hana shi zuwa sai ya ƙara shekara. Ba mugunta ce ta sa haka ba, yawancin mutanen kwamitin masu tsoron Allah ne, rashin bayanai ne ya bar ƙofa a buɗe, kuma Hausawa sun riga sun faɗa cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Lissafin sojan ruwa yana iya nuna mana ainihin kuɗin wannan alfarma. Mu koma misalinmu na gurabe 600 a teku da 360 a tudu, inda kowa ke yin wata 60 da wata 36. Idan mutum 60 kacal suka kafe a guraben tudu ba sa motsi, saboda sanin ido ko takardar likita ta ƙarya, guraben da ke juyawa sun koma 300, kuma zaman sauran a teku ya tashi daga wata 60 zuwa 72. Alfarmar da aka yi wa mutum 60 ta ƙara wa mutum 600 shekara guda cur, kuma ba ɗayansu da zai san daga ina ƙarin ya fito. Mai ba da alfarmar yana ganin taimakon mutum ɗaya ya yi, ba ya ganin ɗaya gefen ma'aunin.

Haka nan lissafin yana hana mu yin alkawarin da ba zai cika ba. Idan wata jiha, a misali, tana da guraben malamai 2,000 a karkara da 500 a birni, aka ce kowa shekara uku zai yi a karkara a dawo da shi gari, to zaman garin wata 9 kawai zai zama, abin da ba mai iyali da zai yarda da shi. Gaskiyar da alƙaluman ke faɗa ita ce ba kowa ne zai zo cikin Damagaram ba, don haka dole a yi wa wuraren aji kamar yadda sojan ruwa suka yi. Mirya da Matamai da Magarya, inda akwai kwalta da kasuwa da asibiti, ba za a saka su aji ɗaya da Taskar ko arewacin Gure ba. Idan aka ware wurare mafi tsanani, waɗanda ba su da yawa, aka yi musu gajeren wa'adi tabbatacce da ƙarin kuɗi da fifiko a canji na gaba, to wannan alkawari ne da lissafi zai iya ɗauka. Kuma kewayen nan na tsawaitawa da gudu muna da shi, domin ɗan kwantaragin da aka manta da shi a daji bai cika rubuta takardar murabus ba, sai dai a wayi gari ajin a rufe, an ce ya tafi Kano ko ya nufi wurin haƙar zinariya.

Game da askarawa, na san akwai abin da ba a bayyanawa saboda tsaro, kuma ba na neman a buga yawan sojan kowane sansani a jarida. Amma wa'adin zama da ranar canji ba sirri ba ne ga iyalin soja. Ina da maƙwabciya a unguwarmu wadda mijinta ke can arewa mai nisa, kuma duk lokacin da ya samu ya kira, sai ta fito ƙofar gida da wayar a kunne tana ɗaga murya saboda layin na yankewa, yara na jan zanenta kowa na son ya ji muryar baba. Tambayar da take fara yi kullum ita ce yaushe za a canza su, amsar kuma kullum ita ce an ce nan gaba kaɗan. Na lura rashin sanin ranar ya fi tsawon zaman ci mata rai, domin ba ta iya yanke shawara a kan haya, ko makarantar yara, ko ta koma gidan iyayenta kafin ya dawo. Rundunonin da na ambata sun daɗe da gane cewa shawarar soja ta ci gaba da aiki ko ya bari sau da yawa a cikin gida ake yanke ta.

Abin da nake roƙon hukumomin tsaro da na ilimi da na lafiya a jiharmu bai kai sayen manyan na'urori ba. Mafari shi ne rajista guda da ke nuna, ga kowane ma'aikaci, inda yake, ranar da ya isa can, da wuraren da ya zauna a baya, tare da jerin dukkan gurabe da ajin wahalar kowanne. Da waɗannan biyu, kwamfuta ɗaya ta ofis ta isa ta faɗi tsawon wa'adin da za a iya cikawa da yawan mutanen da za a canza kowace shekara, kuma Jami'ar André Salifou da ke nan garin tana da malamai da ɗaliban lissafi da za su iya gina irin wannan samfuri su kuma gyara shi shekara shekara. Kai kuma Edita, ina roƙon duk lokacin da wani jami'i ya sanar da cewa daga yanzu ba wanda zai wuce shekara kaza a daji, wakilinka ya tambaye shi guraben daji nawa ne, na gari nawa ne, nawa ne a cikin na garin ke juyawa da gaske, kuma mutum nawa za a canza kafin Oktoba mai zuwa, sa'an nan a buga amsar tare da sanarwar.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin lissafi,
Unguwar Birni, Damagaram, Jamhuriyar Nijar.